GASAR WASANNI TA ƘASA: TA 'YAN ƘASA CE KO TA 'YAN BIRNI?

'Yan'uwana ɗalibai, ina neman ku ara mini kunnuwanku a kan wani al'amari wanda da yawanmu muka ɗauke shi abin wasa, don kawai sunansa wasa. A watan Mayu na 2025 aka yi Gasar Wasanni ta Ƙasa karo na 22 a Abekuta, babban birnin Jihar Ogun. An yi kiɗa, an yi rawa, manya sun yi jawabai, an rarraba lambobin zinariya da na azurfa da na tagulla, kowa ya kama hanyar gida. Da na koma garinmu Kunci hutu, sai na zauna a majalisar samari bayan sallar isha'i, na tambaye su ko wa ya ji labarin wannan gasa. Mutum fiye da goma ne a zaune, kowannensu yana iya jera mini sunayen 'yan ƙwallon Ingila da na Sifen tun daga mai tsaron gida har zuwa 'yan gaba, amma ba ko ɗaya da ya san an yi wani taro a Abekuta, balle ya san cewa da sunansa aka yi shi, kuma da dukiyarsa. Wannan shi ne mafarin wannan rubutu nawa.

Kafin in faɗi abin da ke cina, wajibi ne mu koma baya mu ga inda aka faro, domin wanda bai san inda aka fito ba, ba zai gane an ɓace hanya ba.

A cikin Janairu na 1970 aka gama yaƙin basasa, bayan wata talatin ana zub da jinin 'yan ƙasa ɗaya. Gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta ce ba wanda ya ci, ba kuma wanda aka ci, ta ɗauki alkawarin sasanta jama'a, da sake gina abin da ya rushe, da tsugunar da waɗanda yaƙi ya ɗaiɗaita. Amma shugabannin wancan zamani sun gane cewa gyaran gada da gyaran asibiti ya fi gyaran zuciya sauƙi. Saurayin da ya tashi a Inugu bai san na Kano ba sai a bakin bindiga, na Kano kuwa bai san na Inugu ba sai a labarin da ya ji a rediyo. Saboda haka aka nemi hanyoyin da za a gama samarin ƙasar nan wuri guda ba da makami a hannu ba. A 1971 aka kafa Hukumar Wasanni ta Ƙasa. A cikin Janairu na 1973 Nijeriya ta sauki baƙi daga ko'ina cikin nahiyarmu don Wasannin Afirka karo na biyu, a sabon filin wasa na Surulere da ke Ikko. A wannan shekara ce aka kafa aikin bautar ƙasa na matasan da suka gama jami'a, kuma a cikinta ne aka buɗe Gasar Wasanni ta Ƙasa karo na farko, a Ikko, jihohi goma sha biyu na lokacin suka kara da juna.

Manufar gasar biyu ce, kuma ba a ɓoye ta ba. Ta fari, a haɗa kan 'yan ƙasa bayan yaƙi. Ta biyu, a shiga lungu da saƙo a tono yara masu baiwa, a horar da su, su zama su ne za su ɗaga tutar Nijeriya a idon duniya. An kuma tsara cewa za a riƙa yin ta bayan kowace shekara biyu, ana zagayawa da ita jiha jiha, don kowane yanki ya samu rabonsa na filaye da kayan wasa. Ba mu ne muka fara irin wannan tunani ba. Japan ta fara gasarta ta ƙasa a 1946, shekara ɗaya tak bayan an ragargaza ta a Yaƙin Duniya na Biyu, ta kuma riƙa zagayawa da ita larduna, har kowane lardi ya ga zuwanta. Watau dai niyyar da aka yi a 1973 kyakkyawa ce, ba ni da ja a kanta. Abin da nake ja a kai shi ne abin da aka yi da wannan niyya cikin shekara hamsin da 'yan kai.

Mu fara da alkawarin shekara biyu. Daga 1973 zuwa 2025, da an cika alkawari, da an yi gasar sau 27. Sau 22 aka yi. An fara da zafi: Ikko a 1973 da 1975, Kaduna a 1977, Badun a 1979, Binin a 1981. Daga nan sai tafiya ta fara tangal-tangal. Ba a sake haɗuwa ba sai 1985 a Ilori. Bayan ta Bauchi a 1991 sai aka yi shiru har 1996, sa'ad da aka yi ta Makurɗi. Mafi muni shi ne abin da ya biyo bayan ta Ikko a 2012: aka ba Kalaba ta 2014, aka yi ta ɗagawa yau da gobe har maganar ta bi ruwa, ba a sake yin gasar ba sai 2018 a Abuja. Shekara shida cur! Wanda ya san wasa ya san ƙarfin ɗan tsere ba ya jiran gwamnati. Yarinya ko yaron da ke da shekara goma sha takwas a 2012, yana ganiyar ƙarfinsa, kafin 2018 ya yi aure ko ya kama sana'a, ƙafa ta yi nauyi. Tsara guda ke nan aka binne da ranta, ba kuwa wanda aka tuhuma.

Sa'an nan mu duba alkawarin zagayawa. Ikko ta sauki gasar sau huɗu. Binin sau uku. Kaduna ta yi a 1977 da 2009, Bauchi a 1991 da 2000, Fatakwal a 1988 da 2011, Abuja a 2004 da 2018, Ogun a 2006 da 2025. To, ina Kano? Ina Katsina? Ina Sakkwato? A duk faɗin Arewa maso yamma, in ka ɗebe Kaduna, ba jihar da ta taɓa saukar wannan gasa. Kada wani ya ce mini Kano ba ta da halin saukar baƙi. Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya ɗauki wasannin cin kofin duniya na matasa a 1999, ya ɗauki na cin kofin Afirka a 2000, ya sake ɗaukar na 'yan ƙasa da shekara goma sha bakwai a 2009. Garin da ya iya saukar duniya ba zai kasa saukar 'yan'uwansa na gida ba. A nan ba zan ɗora wa Gwamnatin Tarayya laifin duka ba, domin jiha ce ke neman a ba ta, ba a bin kowa gida da ita. In ba a ba mu ba cikin shekara hamsin, to, mu tambayi kanmu da wane ƙarfi muka nema.

Yanzu ga babbar maganar. A ƙidayar 2006 Jihar Kano ce kan gaba a yawan jama'a, da mutum wajen miliyan 9.4. Jihar Delta kuwa tana da wajen miliyan 4.1, watau ba ta kai rabinmu ba. Amma Delta ce ta zo ta ɗaya a gasar 2012, da ta 2018, da ta Edo wadda annobar korona ta sa aka ɗaga daga 2020 zuwa 2021, da ta Asaba a 2022, da ta Abekuta a 2025. Shin Allah ya halicci mutanen Delta da ƙafafu huɗu ne? Ko kuwa huhunsu ya fi namu girma? Ko kusa. Abin da ya faru shi ne, tun zamanin da ake kiran yankin Jihar Tsakiyar Yamma, gwamnanta Samuel Ogbemudia, wanda ya yi mulki daga 1967 zuwa 1975, ya ɗauki wasa aiki. Ya gina fili a Binin, ya kafa sansanin horo a Afuze, wanda ba wani babban birni ba ne, ya sa makarantu suka riƙa karawa da juna. Jiharsa ce ta zo ta ɗaya a gasar farko ta 1973. A 1976 aka sake mata suna Bendel, a 1991 aka raba ta gida biyu, Edo da Delta, amma itacen da aka dasa bai daina 'ya'ya ba har yau. Abin da mutum ya shuka shi yake girba. Mu me muka shuka?

Bari in gaya muku abin da muka shuka, daga abin da idona ya gani. Ƙasarmu ta Kunci, kamar sauran karkarar arewacin Kano, ƙasa ce mai cunkoson jama'a. Gona na jingine da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa har bakin ƙofar gida, ba a barin saura ta huta, ba dajin da yaro zai shiga ya yi ta gudu. Da damina ta sauka, fili ɗaya ne ke saura a yawancin ƙauyukanmu wanda ba a noma shi, shi ne filin makarantar firamare. Wannan fili shi ne filin wasanmu na Surulere, shi ne Ƙofar Matarmu. A makarantar da na yi, da idona na ga yadda aka yi ta gutsurar filin nan: yau an ja katanga, gobe an yanki wani gefe an yi gini, jibi wani ya shigo da garmarsa taku biyu. Kafin in gama aji shida, wurin da muke tseren mita ɗari bai fi a shanya barkono ba. Malamin wasa kuwa ba mu taɓa ganinsa ba. A jadawalin darussa akwai sa'ar motsa jiki, amma a aikace sa'ar shara ce da ɗiban ruwa.

A ajinmu akwai wani yaro wanda ba zan faɗi sunansa ba. Ba a taɓa tsere da shi an ga ƙeyarsa kusa ba. Yakan yi sammako ya kai wa mahaifinsa taki gona, ya dawo a guje don kada ya makara, ya iso ko haki ba ya yi. In akuya ta tsinke, shi ake kira. Ba wanda ya taɓa ɗora agogo a kan gudunsa, saboda haka ba wanda ya san ko ya kai na zakarun ƙasa ko bai kai ba, kuma har abada ba za a sani ba. Yau yana ci-rani a Kudu, yana tura baro a kasuwa. Ba na cewa lalle da ya zama zakaran duniya. Abin da nake cewa shi ne, gasar da aka kafa musamman don a nemo irinsa ba ta taɓa aiko kowa ya dube shi ba. Irinsa kuwa nawa ne daga Shuwaki zuwa Bumai, daga Bichi zuwa Tsanyawa, a ƙananan hukumomi 44 na jihar nan?

Kowane lokaci gasa ta ƙarato, akan kunna wata wuta da ake kira wutar haɗin kai, a zagaya da ita jihohi. Ina take sauka? Gidan gwamnati. A ɗauki hoto, a yi tafi, a mayar da ita mota. Haka shi ma zaɓen 'yan wasa yake: a cikin birni ake yinsa, cikin 'yan makonni, daga cikin waɗanda suke kusa da filin wasa, suke da kuɗin mota da takalmin gudu. Wata cutar kuma da ta game ƙasa, wadda masu sharhin wasanni suka daɗe suna kuka a kanta, ita ce hayar 'yan wasa. Jihar da ke da kuɗi, maimakon ta reni nata, sai ta sayo gwanayen wata jiha su sa mata riga na mako biyu, su ciyo mata zinariya, a biya su, su kama gabansu. Gwamna ya samu abin faɗa a rediyo, amma ba yaro ko ɗaya da aka tono. Wannan ado ne da kayan aro, kuma kowa ya san kayan aro ba ya rufe katara.

Sakamakon wannan sakaci ba a ɓoye yake ba. A wasannin Olimfik na Atlanta a 1996 Chioma Ajunwa ta ciyo mana zinariya a dogon tsalle, 'yan ƙwallonmu kuma suka doke Brazil da Ajantina suka ɗauko tasu. Amma a Landan a 2012 hannu rabbana muka dawo. A Tokyo lamba biyu muka samu, azurfar Blessing Oborududu a kokawa da tagullar Ese Brume a dogon tsalle. A Faris a 2024 muka sake dawowa ba ko tagulla. Ƙasar da ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan mutane! Ba baiwa muka rasa ba, domin a 2022 Tobi Amusan ta kafa tarihin duniya a tseren tsallake shinge na mita ɗari, da daƙiƙa 12.12. Abin da muka rasa shi ne tsanin da zai ɗauko yaro daga ƙauye ya kai shi sama. A cikin Oktoba na 2024 aka rushe Ma'aikatar Wasanni ta Tarayya aka maido da Hukumar Wasanni ta Ƙasa. To, madalla. Amma sauya allon da ke ƙofar ofis a Abuja ba zai maido da taku ɗaya na filin makarantarmu ba.

Wanda yake ganin ƙauye ba ya fid da zakara, to, ya nemi labarin Bekoji. Wani ƙaramin gari ne na manoma a ƙasar Habasha, inda wani malamin makaranta mai suna Sentayehu Eshetu ya riƙa tara yara da sassafe yana koya musu gudu. Daga wannan gari Derartu Tulu ta fito, wadda ta ci zinariya a tseren mita 10,000 a Basalona a 1992, daga nan kuma Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba suka fito. Ba katafaren fili aka gina musu ba, malami ɗaya ne mai usur da naciya. In kuwa Habasha ta yi nisa, mu leƙa maƙwabta. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar kokawa ta ƙasa a Tawa a 1975, inda Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobin farko. Ana zagayawa da ita jihohin ƙasar, kowace jiha na tace gwanayenta daga ƙasa zuwa sama, kuma in ana yin ta, daga mai shayi har mai rawani kowa kunnensa na jikin rediyo. Bafulatanin ruga da Bahaushen ƙauye da Bazabarme sun san sunan Isaka Isaka na Doso. Wannan ita ce gasar da ta amsa sunanta ta ƙasa, domin talaka yana ganin kansa a cikinta.

Mu ma muna da abin da talaka zai ga kansa a ciki. An shigar da wasannin gargajiya cikin Gasar Wasanni ta Ƙasa, har da dambe da kokawa da langa. Waɗannan namu ne, gadonmu ne. Tun kafin a haifi wanda ya ƙirƙiro gasar, da kaka ta yi, an kai amfani rumbu, gonaki sun zama fili, mahauta ke yawon dambe gari gari, manoma na kokawa a dandali, yara na langa da farin wata. Sunan Shago ya zagaya ƙasar Hausa ba da taimakon wata hukuma ba, sai da ƙarfin hannunsa da bakin Ɗan Anace. Amma ko a waɗannan wasanni namu, yaushe aka taɓa zuwa dandalin ƙauye aka ce ga gasar share fage, wanda ya yi nasara zai wakilci jiha?

Na san abin da wasu za su ce. Za su ce mutumin da ke neman takin zamani da maganin zazzaɓi da rufin aji, ina ruwansa da guje-guje? Wannan magana tana da ƙamshin gaskiya, amma ba ta kai gaskiya ba. Da fari, ko mun so ko mun ƙi, ana kashe dukiyar jama'a a kan wannan gasa, kuma da haƙƙin mutumin Kunci a ciki. Tun da ana kashewa, muna da ikon tambayar ina rabonmu. Na biyu, abin da ake bukata a ƙauye ba miliyoyi ba ne: fili, da usur, da agogon auna gudu, da igiyar awo, da malami mai kishi. Na uku, duk wanda ya zauna a karkara da rani ya san abin da zaman banza ke yi wa samari. Daga girbi zuwa saukar ruwa wata shida ne ko fiye, wanda bai tafi ci-rani ba yana zaune a gindin bishiya, masu sayar da ƙwaya da masu neman 'yan bangar siyasa kuwa ba sa barci. Saurayin da ya san yana da karawa ranar kasuwa mai zuwa, kuma garinsu duka zai fito kallo, ba ya yarda ya lalata jikinsa. Wasu kuma za su ce ai muna da ƙwallon ƙafa, Raccah Rovers ta ɗauki kofin ƙasa a 1978, Kano Pillars ta ɗauka a 2008 da 2012 da 2013 da 2014. Gaskiya ne, muna alfahari da su. Amma ƙwallo wasa ɗaya ne cikin wasanni da dama da ake yi a gasar, mutum goma sha ɗaya kuma ke shiga fili. Ina sauran miliyoyin za su?

Akwai kuma maganar 'yan mata, wadda muke kauce mata kamar wuta. Ku duba sunayen da na ambata a sama: Ajunwa, Oborududu, Brume, Amusan, duk mata ne. Jihar da ta bar rabin 'ya'yanta a gida ta riga ta sallama rabin lambobin tun kafin a busa usur. Ba wanda ya ce a yar da mutunci ko sutura. Makarantun 'yan mata suna da katanga, ana iya samun malamai mata, ana iya yin gasa tsakaninsu cikin kamala. Abin da ya hana shi ne rashin niyya, ba wani abu ba.

Saboda haka ga abin da nake kira a yi. Gwamnatin jiha ta auna filin kowace makarantar gwamnati, ta kafa masa duwatsun iyaka, ta sa doka mai tsanani a kan wanda ya taɓa shi. A tura malamin wasa aƙalla ɗaya kowace mazaɓa. A kafa tsani na dindindin, kowace shekara bayan kaka: gasar mazaɓa, sa'an nan ta ƙaramar hukuma, sa'an nan ta shiyya, sa'an nan ta jiha, kuma daga wannan tsani kaɗai za a ɗebi masu wakiltarmu. Duk lokacin da za a tafi gasar ƙasa, a buga sunayen 'yan wasan jiha tare da ƙaramar hukumar kowannensu, don jama'a su gani da idonsu ko jiha ake wakilta ko unguwanni biyar na birni. Kano kuma ta fito da gaske ta nemi saukar gasar, in an ba ta kuwa, kada a tattara kome a Ƙofar Mata, a kai dambe da kokawa da langa garuruwan karkara inda aka haife su.

Daga ƙarshe, 'yan'uwana, kada mu nuna wa gwamnati yatsa ɗaya mu manta sauran suna kallonmu. Mu ne 'yan ƙalilan da ƙauyukanmu suka tura jami'a. A nan muna da fili, muna da malamai masana wasanni, muna zuwa gasar jami'o'i, amma in mun koma gida hutu sai mu naɗe hannu muna gardamar ƙwallon Turai a gidan kallo. Ina kira ga wannan ƙungiya tamu, da ƙungiyoyin ɗalibai na kowace ƙaramar hukuma, da su sa wannan aiki cikin shirinsu na hutun rani mai zuwa. A je a gai da mai gari da shugaban makaranta, a nemi izini, a auna mita ɗari da igiya, a zuba toka a ja layi, a tara yara, a ɗora agogon waya a kan gudunsu, a rubuta sunaye da lokaci a littafi, a kawo wa hukumar wasanni ta jiha a ce ga su nan. In sun karɓa, mun yi nasara. In sun ƙi, mun samu hujjar da za mu buga a wannan mujalla. Ni dai na yi niyyar farawa daga Kunci, a ɗan abin da ya rage na filin makarantarmu, kuma ina neman waɗanda za su riƙe mini ɗaya bakin igiyar.

Allah ya sa mu dace, amin.